Muryar Alhaji a cikin sifika

"Rage wannan rugugin, ɗan nan. Alhaji ba haka yake magana ba."

Wata Hajiya ce ta faɗa min haka jiya a shagona na kayan sauti, nan Azare. Mu a sana'armu ba a sayar da sifika sai an gwada ta da kiɗa, har tebur ya girgiza. Ita kuwa ta hana ni saka kiɗan. Ta miƙo wayarta, ta ce da abin da ke ciki za a gwada.

Ashe saƙon murya ne na mijinta. Shi ne na ƙarshe da ya turo mata daga Chinade, ranar da ya yi hatsari a hanyar dawowa.

Ta ce, "A waya muryarsa ta ƙanƙance. Shi kuwa in ya yi sallama, har maƙwabta sai sun ji."

Na riƙa rage kaurin sautin kaɗan-kaɗan, har ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Shi ne."

Muryar ta cika shagon: "Salamu alaikum. Hajiya, ga ni nan tafe, a ajiye min tuwona."

A hankali ta amsa, "Wa alaikumus salam, Alhaji."

Kafin ta tafi da sifikar, sai da ta sa na manne maɓallan da salatif, kada jikoki su murɗa mata su.

Allah ya jiƙan Alhaji. Ku fa, muryar wa kuka kasa gogewa a wayarku?