Shamuwar Kawu ba ta zauna ba bana

Na tarar da Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyata, zaune a gindin rimin ƙofar gidansa yana kallon sama. Ƙauyensu na gaba da Gidan Kwano kaɗan, kuma tun ina yarinya shamuwa ke sheƙa a kan wannan rimi. Da zarar ta iso, Kawu ya san damina ta ƙarato, sai ya fito da iri.

Bana sheƙunan duk fayau.

Muna cikin gaisawa sai ga ƙugi a sama. Ɗan jirgin nan ne marar matuƙi da ke kai magani asibitin ƙauyen gaba. Ta saman rimin yake bi, safe da yamma.

Kawu ya ce, "Shamuwoyin sun zo, 'yata. Kwana uku suka yi, ƙarar nan ta hana su sakat, suka tashi. Har da waɗanda suka yi ƙwai."

Na ce, "Kawu, ku kai kuka mana a sauya masa hanya."

Ya ce, "Shi ya kawo jinin da aka ƙara wa matar ɗana ranar da ta haihu. Da wane baki zan yi ƙararsa?"

Na yi masa sallama, na hau motar Minna.

Jama'a, da ku ne a wurina, me za ku faɗa wa dattijon nan?