Ƙofar da Turai Ba Ta Iya Rufewa

Turai ta san ƙyanda tun a Maraɗi, don ita ta ɗauke mata ɗan fari. Shi ya sa da ta zo unguwar Bronx a ƙasar waje ta kama sana'ar raino a falonta da ke titin Grand Concourse, ba ta karɓar yaro sai an yi masa allurar rigakafi. Iyaye su yi ta ƙorafi, ita ko a jikinta.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta, Alhaji Tajuddeen, yayan mijinta, wanda ko sunansa ba ta iya faɗa. Ya je makarantar ɗansa Zaid ya ce addininsa ya hana allura, suka ƙyale shi, alhali limaminsu ma duk an yi wa nasa 'ya'yan. In an tashi daga makaranta, falon Turai Zaid yake zuwa.

A 1991 ƙyanda ta shigo unguwar. Turai ta goya Na'ima, 'yarta 'yar wata huɗu, sai asibiti. Aka ce jaririyar ba ta kai allura ba tukuna.

Ta roƙi mijinta ya yi wa yayansa magana. Ya ce, "Shi ya kawo mu ƙasar nan, Turai. Da wane bakin?"

Washegari da safe Alhaji ya ƙwanƙwasa ƙofa. Zaid na tari, idanunsa jajur.

"Mura ce," in ji Alhaji. "Yau ba zai je makaranta ba, ki riƙe shi."

Turai ta durƙusa, Na'ima na barci a bayanta. Ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Sannan ta matsa ta ba su hanya.