Ranar da Muka Kai Sabil ɗin Umma Jeji

Yayana ya sayi karafan ne a shekarar da Baba ya daina tuƙi. Karafan ɗan gida ne mai taya da ake ɗaura wa mota a baya. Akwai gado a ciki, da wurin girki, da banɗakin da in ka shiga da gaba sai ka fito da baya. Tsohon karafan ya saya, ya ajiye shi a wani fili kusa da Kudai a nan Makka, domin lungunmu na Utaibiyya ko motar kwasar shara sai ta yi da gaske take shiga. Wata da watanni in ya tashi daga aiki can yake wucewa, ya dawo hannu duk baƙin mai, matarsa tana mita.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa wuta ce. Ya ɗora faifan sola a kan rufin, ya jera batura a ƙarƙashin kujera, ya haɗa su da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Janareta kam Baba ne ya hana. Ya ce ƙarar rushe-rushe da gine-ginen Makka ta ishe shi, ba zai je jeji ba kuma a kunna masa wata a ka. To, tun daga nan Yaya ya zama malamin wuta. Ko abinci ake ci sai ya kawo zancen: fitila da cajin waya ba sa cin komai, amma duk abin da ke zafafa abu ko sanyaya shi, shi ne ɓarawon batir. Na ce masa da haka ya riƙe karatun makaranta da yanzu mun huta.

Duk wannan wahalar saboda Baba ce. A ƙuruciyarsa bas ɗin alhazai ya tuƙa tsakanin Makka da Madina, kuma babu abin da yake so kamar barr, wato fili fetal a bayan gari inda babu gida babu hayaniya. Da gwiwa da ciwon suga suka zaunar da shi, sai ya koma zaman bakin taga. Burinsa ɗaya, ya sake kwana a barr, kuma wannan karon da Umma. Nan gizo yake saƙar, domin Umma ba ta kwana ko'ina sai gidanta.

Dalilin kuwa barrada ce. Barrada ita ce na'urar sanyaya ruwan sha, kuma a Makka gidaje da yawa suna ajiye ɗaya a ƙofar gida da kofi ɗaure da sarƙa, duk wanda ya zo wucewa ya sha. Sabil muke kiransa. Umma ta kafa nata ne bayan rasuwar mahaifiyarta, wadda tana yarinya aka taho da ita daga Kano a ƙasa, kuma har ta mutu in za ta ba da labarin hanyar nan ƙishirwa kawai take tunawa. Kullum bayan sallar asuba Umma za ta fita kafin lungu ya tashi, ta cika tankin da hannunta, ta ambaci sunan uwarta, ta koma ciki. A wajenta in wani hannu ne ya zuba ruwan, to ladan nasa ne. In kuma rana ta faɗi babu baƙon da ya sha, to ranar uwarta ta kwana ba a aika mata komai ba. Wani ɗalibi ɗan Sakkwato da ke zuwa gaishe da Baba ya taɓa zama ya yi mata bayani a hankali, cewa niyyarta ta wadatar. Ta saurara, ta sa masa albarka, ta ƙara masa shayi, ta ci gaba da abinta. Ko ranar da muka tashi daga tsohon gidanmu na unguwar Misfala, barradar ce ta riga gadonta isa sabon gida.

Saboda haka da Yaya ya ce karafan ya kammala, sanyi ya shigo, a shirya, sai Umma ta ce za ta je, amma da barradarta.

"Ya ummi, can babu kowa fa," in ji Yaya. "Duwatsu ne da raƙuma."

"Raƙuman ba su da masu su?"

"Wallahi batir ba zai ɗauka ba."

"To ku je, Allah ya kiyaye hanya. Ku kawo mini labari."

Baba ya juya ya kalli Yaya. Washegari da hantsi, bayan 'yan lungu sun sha rabonsu na ranar, aka juye sauran ruwan, aka ciccibi barrada aka ɗaure ta a cikin karafan da igiya kamar ragon layya.

Mu biyar muka tafi: Baba, Umma, Yaya, matarsa, da ni. Muka bar kwalta muka bi wata hanyar ƙasa, har muka sauka a wani kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu, mai 'yan itatuwan ƙaya jefi-jefi. Har yau in na rufe ido ina ganin Baba lokacin da aka sauko da shi. Ya cire takalmi ya tura ƙafarsa cikin yashi. Ban taɓa sanin na yi kewar fuskarsa ta da ba sai da na gan ta ta dawo.

Da asuba Umma ta cika barradarta kamar kullum. Yaya ya ja mata waya ta taga, aka girke ta a waje tana fuskantar hanyar da muka biyo, kofi na lilo a sarƙarsa. Ni kuma na jona butar shayi. Matar Yaya, ba ta san na jona ba, ta jona tukunyar shinkafa ta lantarki. Daidai nan injin barrada ya tashi. Sai inbata ta saka kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, fitilu suka ɗauke, firji ya yi tsit. Yaya ya fito daga banɗaki da baya, kumfa a gemu.

Ya tara mu ya yanke hukunci. Firji ba ya cikin lissafi, domin allurar sugar Baba tana ciki. Bayan shi, abin da rana ke bayarwa ba zai ɗauki kowa ba: ko barrada, ko sauran kayan. Ya faɗa yana kallon Umma, ita kuwa tana kallon hanya.

Haka muka riƙa ajiye kaya ɗaya bayan ɗaya. Buta ta koma kwali, shayi ya koma kan garwashi. Shinkafa ta koma tukunyar ƙarfe. Injin markaɗe da muka ɗauko don furar Baba ko fito da shi ba a yi ba, matar Yaya ta dama da ludayi tana cewa rabonta da wannan aiki tun gidan kakarta. Saura na'urar sanyaya ɗaki, wadda Yaya ya fi alfahari da ita, kuma dominta ya ƙara batura. Baba ya ce a kashe.

"Baba, rana za ta yi zafi fa, ko da sanyi ake," in ji Yaya.

"Khalas, magana ta ƙare, na ce a kashe. Ku ba ni fanka."

Ni dai raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Da azahar na leƙa na ga Baba kwance rigarsa ta jiƙe, 'yar fanka tana kaɗa masa iska mai ɗumi, ga barrada a waje tana ta gurnani tana sanyaya wa duwatsu ruwa. Na je na sami Umma na ce mahaifina yana gasuwa saboda ruwan da ba mai sha. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ranar ai ba ta ƙare ba."

Amma in zan faɗi gaskiya, ban taɓa cin shinkafar da ta kai ta ranar daɗi ba, da ƙanzonta da ƙaurin hayaƙinta. Muka ci a faranti ɗaya a inuwar karafan. Baba ya yi ta ba mu labarin alhazan da ya ɗauka, yana kwaikwayon Hausar kowa, ta Kano da ta Damagaram, har Yaya ya ƙware don dariya. Babu ƙarar komai sai tamu. Umma tana cikinmu, tana murmushi in an yi dariya, amma rabin hankalinta yana kan hanya.

Sau ɗaya wata motar ɗaukar kaya ta gifta can nesa tana tayar da ƙura. Umma ta miƙe tsaye da saurin da ban san tana da shi ba.

"Maza, tsayar da shi!"

Yaya ya ruga yana kaɗa ɗankwalin matarsa. Mai motar ya ɗaga masa hannu, ya danna ham, ya yi gaba, a zatonsa gaisuwa ce. Na ce bari ni in sha mana, ai ni ma ƙishirwar nake ji. Umma ta ce ruwan da 'yan gida suka sha ruwan gida ne, ba sabil ba.

Bayan la'asar hadari ya taso ta bayan duwatsu ya rufe rana. Ba ruwa ya kawo ba, wutar kawai ya zo ɗauka. Yaya ya shiga ya duba, ya fito ya durƙusa gaban Umma, ya yi ƙasa da murya.

"Ya ummi, in aka yi magariba dole in kashe ta. In ba haka ba firji ba zai kai safe ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ja kujerarta kusa da ƙofar karafan, ta zauna da carbi, ba ta ja. Duk fushina ya zube. Tsohuwa ce kawai a zaune tana jin kunyar uwarta, kuma babu abin da ɗayanmu zai iya yi mata.

Baba ya ce zai miƙe ƙafa. Yaya ya tashi zai bi shi, ya ce a'a, shi ba yaro ba ne. Ya ɗauki sandarsa da mayafinsa ya bi ta bayan karafan, ya ɓace a bayan wani dutse. Ya daɗe, har muka fara kallon juna.

Can sai matar Yaya ta ce, "Ga wani nan zuwa."

Daga wajen hanya yake tahowa, a hankali, ya naɗe kansa da mayafi irin na matafiya. Umma ta miƙe. Bai yi kusa sosai ba muka gane tafiyar, domin babu wanda ke jan ƙafar hagu haka sai mutum ɗaya. Ashe zagaye ya yi, mai nisa ga mai irin gwiwarsa, don ya fito ta inda baƙo zai fito. Ya tsaya nesa kaɗan kamar wanda bai san mu ba.

"Salamu alaikum, masu gida."

Dariya ta taso mini, na toshe baki. Umma ta tsaya tana kallonsa, na ga bakinta ya motsa za ta ce wani abu mai zafi. Ya sake sallama.

"Matafiyi ne, baiwar Allah. Ko a sami ruwan sha?"

Sai ta jawo mayafinta ta rufe rabin fuska, yadda take yi in baƙon namiji ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Wa alaikumus salam. Ga shi nan, bawan Allah. Na sabil ne."

Ya zauna a kan dutse kusa da barrada, ya tara kofi ya sha. Ba wasa yake ba, numfashinsa har sama-sama yake, ruwa na bin gemunsa. Ya sake tarawa ya shanye.

"Na wane ne, in yi masa addu'a?"

"Na mahaifiyata ne."

Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, Allah ya shayar da ita kamar yadda aka shayar da shi, ya sanyaya makwancinta. Muka shafa duka, ni hawaye ya hana ni cewa amin da ƙarfi. Ya yi godiya, ya dogara sandarsa ya wuce mu ya ci gaba da tafiya, bai ko waiwayo ba. Sai da Yaya ya bi shi ya tallafo shi.

Umma da kanta ta zare wayar barradar. Ta ce, "Tsoho da wasan yara." Sannan ta dubi Yaya ta ce gobe in rana ta fito a kunna wa ubansa sanyin ɗakinsa.

Baba ya rasu bayan wasu 'yan shekaru. Umma tana nan, hannunta ya yi rauni, yanzu ni nake tallafar jarka ta ƙasa, ita tana riƙe da baki don dai a ce ita ta zuba. Wata safiya muna cikin haka na tambaye ta abin da ya daɗe a raina, ko ta ɗauki ruwan da Baba ya sha ran nan a matsayin sabil, tunda shi ɗan gida ne.

Ta rufe tankin, ta goge kofin da gefen mayafinta.

"Tun da na kafa ta nake zubawa in shige ciki," ta ce. "Ban taɓa ganin fuskar wanda ya sha ba. Sai shi."