Shibra a Gonar Baba Chindo

Duk sanda na bi ta gaban majami'ar ƙauyenmu a kan babur sai raina ya ɓaci, alhali ni ba Kirista ba ne. Musulmi ne ni, ɗan kabu-kabu a Konni. Amma abin da aka yi wa mijin gwaggona a ɗakin nan har yau yana tsaye min a wuya.

Sunansa Chindo, don da yatsa shida aka haife shi a hannun dama. Manomi ne a ƙauyen namu, gefen Dogarawa. Yana matashi ya yi lebura a wajen aikin siminti na Malbaza, a can ya haɗu da wasu Kiristoci, ya koyi karatu a Littafinsu, ya dawo gida da sabon addini. Lokacin shekararsu biyu da aure da gwaggona Delu.

Danginmu suka tashi haiƙan. Babana da kansa ya je da malamai biyu, suka ce wa Delu aure ya mutu, ta haɗa kwanukanta.

Ta ce, "Ni dai ban ga gawatai ba. In kun gani ku nuna min."

Suka yi fushi da ita shekara huɗu, ba gaisuwa ba zumunci. Ita ko a jikinta. Ba ta bar sallarta ba, ba ta bar mijinta ba. Da azumi shi ke sayo mata sukari da dabino, ranar Nowel kuma, wato Kirsimeti, ita ke dafa wa masu addu'a shinkafa.

Gida tara ne Kiristocin ƙauyen, ba su da fasto. Baba Chindo ne ya buga tubalin ɗakin addu'ar da hannunsa, shi kuma ke karanta musu Littafi kowace Lahadi, shekara talatin da ɗaya. A hankali yake karatu, yana bin layi da yatsa, ɗan na shidan yana reto a gefen shafi. In ya gama sai ya fassara musu da abin da suka sani: rumbu, jaki, rijiya, fara. Ba shi da dukiya, ba shi da sarauta. Wannan tsayuwa ta Lahadi ita ce duk abin da yake tinƙaho da shi a duniya.

Shekara uku da suka wuce aka aiko musu fasto daga birni, yaro sabon fitowa daga makaranta, da kwat da takalmi mai ƙyalli. Ni na ɗauko shi daga tashar Konni, tun a hanya yake min wa'azi a kunne, har na kusa faɗawa rami. Sati biyu da zuwansa ya shiga gaida Baba Chindo, ya tarar da Delu a kan tabarma tana sallar la'asar. Daga nan magana ta tashi. Ya ce dattijon da ya kasa jawo matarsa ba zai tsaya gaban jama'a da Littafi ba. Ko dai Delu ta karɓi baftisma, ko a maida ta gidansu, ko Chindo ya sauka. Ya ba shi wata ɗaya.

Tsohuwa mai jikoki goma sha biyu fa! Wane gidansu? Babana ya rasu, gidan ma ya zama kango.

Ranar Lahadin da wa'adin ya cika na kawo fasto daga Konni, na tsaya jiransa a gindin itacen bedi kusa da taga, don haka da kunnena na ji. Ya zaɓi wani misali da ke cikin Littafin: mutum ya shuka alkama, maƙiyi ya zo ya watsa masa mugun iri a ciki. A tsohon bugun da suke karantawa, sunan mugun irin zawan. Fasto ya yi ta nanata kalmar yana duban benci na gaba. Zawan a gona, zawan a ikilisiya, zawan har cikin gidan dattawa. Kowa ya san da wa yake.

Baba Chindo ya miƙe, ya cire hularsa.

"Malam Fasto, ka taɓa ganin zawan da idonka?"

"Ciyawa ce ta ƙasar Yahudawa, Baba. Ba ta fitowa a nan."

"To mu nan munka rasa mi a zawan, sai munka ce shibra ta. Ka san shibra?"

Bai sani ba. Yaya zai sani, mutumin da bai taɓa riƙe hauya ba? Shibra ita ce hatsin daji da ke fitowa cikin gero ba wanda ya shuka ta. Tana ƙarama ko tsohon manomi ba ya rabe ta da gero, ganye ɗaya, kara ɗaya, sai ta fid da kai ake gane ta.

Baba Chindo ya ce, "Karanta gaba kaɗan. Da barori sunka ce bari su tahi su tuge, mi mai gona ya ce musu?"

Fasto ya ce, "Ya ce su bari sai kaka. Amma da kaka ƙone ta za a yi, Baba, kar ka manta."

"Ban manta ba. Wanga aikin mai gona na. Ni da kai barori muke, kuma damana ba ta ƙare ba. Shekara arba'in ina kwana ɗaki guda da matar ga, ban san wa a hatsi wa a shibra tsakanina da ita ba. Kai sati biyu ka gane?"

Na ɗauka wani zai tashi ya goyi bayansa. Mutanen da ya raɗa wa 'ya'yansu suna, ya binne musu iyaye, duk suka sunkuyar da kai suna kallon ƙafafunsu. Wannan shirun ya fi maganar fasto ƙona min rai. Fasto ya ce fassarar Littafi ba aikin gona ba ce, akwai waɗanda suka yi karatunta. Baba Chindo ya ɗauki Littafin da ke hannunsa, ya ɗora a kan tebur, ya koma bencin ƙarshe ya zauna.

Da Delu ta ji, ta ce masa, "Malam, in tahiyata za ta maido maka karatunka, in tahi wajen ɗiyata."

Ya ce, "Zamna. Wa za ya dama min hura?"

Namu Musulmi ma ba su bar ni na huta ba. A tasha wasu har murna suke, wai ga shi coci ta kore shi, saura ya dawo hanya. Na ce musu kusan shekara arba'in kuna son ku tuge matar nan daga gidanta, yau wani ya zo da kwat zai yi muku aikin, me ya raba ku da shi? Har yau akwai wanda ba ya gaishe ni saboda wannan magana.

Daminar bara ruwa ya yi latti. Rumbuna suka ƙare, gero bai nuna ba, tiyar hatsi ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. A irin wannan lokaci shibra ke rana, don tana riga gero nuna da kusan wata guda. Baba Chindo bai taɓa tuge tasa ba. Delu ta shiga gona da ƙwarya tana karyo kawunan, ta sussuka, ta daka. Matar fasto na goyo, gidansu ba hayaƙi kwana biyu. Delu ta aika musu tiya uku, ba wanda ya roƙe ta. Ni da na ji, cewa na yi da ta bar su sun ɗanɗana, ta ce in rufe mata baki.

Bayan kwana uku fasto ya tsaida ni a hanya, fuskarsa a sake. Ya ce in gaida Baba, in tambaye shi wane irin gero ne wannan mai saurin nuna, yana so a ajiye masa iri ya raba wa 'yan ikilisiya baɗi. Na dube shi, na ga da gaske yake. Na haɗiye abin da ya zo min baki, na kai saƙo.

Na tarar da Baba Chindo a bakin gona yana gyaran ƙotar hauya. Karatun Lahadi ba a maido masa ba, har yau ɗin nan bencin ƙarshe yake zama, wani yaro ɗan lakwal, wato makarantar boko, ke karantawa yana cin tuntuɓe da kalmomi. Na faɗa masa saƙon ina jiran ya yi dariya ko ya yi zagi. Bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Tijjani, gaya mishi ba a shibka ta. Ita ka hitowa da kanta. Abin da aka so ga mutum guda na, kar shi tuge."