Ɗingishin da Na Ara

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan manta da abin da littafina na uku ya jawo wa wani bawan Allah a Fagge ba.

Lokacin ina saurayi, ina aikin akawu a wani kantin yadi a Kwari, ina jin kaina kamar babu mai basira sai ni. Na tsara labarin wani ɓarawon atamfa da ya gagari 'yan doka, na raba shi ƙananan littattafai shida. Wani mai injin buga katin biki a Sabon Gari ne yake buga mini, ɗaya duk wata. Dabarar ita ce mai karatu ya yi ta zargin wani, sai a na shida ya ga ashe ba shi ba ne.

Ina neman wanda za a zarga, sai idona ya faɗa kan wani dattijo mai ɗinkin hula, mutumin Barno, da yake zama a bakin layinmu. Yana ɗingishi da ƙafar hagu, ba shi da yawan magana. Ban sa sunansa ba. Ɗingishin da shirun kawai na ɗauka na liƙa wa wani a littafi na uku, aka ga sawunsa a bayan kantin da aka fasa. Har yaba wa kaina na yi.

A majalisar layinmu mutum ɗaya ne ya iya boko, shi yake karanta wa sauran bayan la'asar. Manyan mutane ne fa, ga gemu ga carbi, amma a wurinsu duk abin da inji ya buga ya zama sanarwar gwamnati. Ana gama karatun wani ya ce, "Ni dama na san shirun nan nasa ba na Allah ba ne." Mai maganar nan kuwa ko allura bai taɓa rasawa ba! Cikin mako biyu kowa ya je ya karɓe hularsa, har wadda ba a gama ba. Wani da akuyarsa ta ɓata shekara uku baya ma ya tuna ya ga mai ɗingishi ranar.

Dattijon ya same ni a kanti. Ya ce, "Malam, an ce ka rubuta ni. Me na ɗaukar maka?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, a na shida za a wanke ka."

Ya ce, "Yaushe ne na shidan?"

Na ce, "Saura wata uku."

Ya juya ya tafi. Ku ji wauta: mutum ya rasa abin ciyar da iyalinsa, ni kuwa tsorona kada in ɓata tsarin labari.

Sai da na ga an matsa an bar masa fili a sahun salla, ba mai son tsayawa kusa da shi, sannan na gane ɓarnar da na yi. Na tsallake na huɗu da na biyar, na buga na shida, na kai majalisar da hannuna. A ciki an gano Alhaji mai kantin ne da kansa yake kwashe kayan abokin cinikinsa. Ana gama karantawa sai wannan mai akuyar ya ce, "Haba! Alhaji guda zai yi sata? Ƙarya ce. Mai hular nan ya yi wa yaron asiri ne ya juya maganar." Duk suka gyaɗa kai. Injin da jiya ba ya ƙarya, yau da ya wanke talaka ya zama maƙaryaci.

Bayan kwana tara dattijon ya kwashe iyalinsa ya hau jirgin ƙasa na Nguru. Na je tasha da littafin a aljihu, na kasa miƙa masa, don ko na ba shi ba zai iya karantawa ba.

Na daɗe ina tsinar 'yan majalisar nan, kuma har yau ban ga abin girmamawa a gemunsu ba. Amma ba su suka ɗauki alƙalami ba. Tun ranar na koyi cewa zargi shafi ɗaya ya ishe shi, wankewa kuwa ko littafi guda ba ya isa. Ban sake aron ko tarin maƙwabci na sa a labari ba.