Cokali Biyu na Man Shanu

Ƙarfe bakwai da minti ashirin ne na safiyar Laraba. Na san lokacin domin agogon bango yana saitin ƙofar ɗakina, kuma na dube shi. Mu uku ne a tsakar gida: ni, da maigidana Malam, da ƙanwarsa, autar gidansu, wadda ta zo daga Kabo ta kwana biyu a wurinmu a Gwarzo. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ce, an gama yankan gero.

Malam yana kan tabarma yana shan koko. Ludayin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Da ya ɗago ya dube ni sai na ga bakinsa ya karkace gefe ɗaya. Ya yi magana, ban gane ko kalma ɗaya ba. Auta ta tallafe shi, ni kuma na fita ba ko mayafi na kira maƙwabcinmu mai mota.

Ana cikin ɗaga shi Auta ta fashe da kuka. Ta ce, "Matar Yaya, ni ce. Jiya da kika shiga wanka na zuba masa man shanu a tuwo. Cokali biyu ne kawai."

Na ce, "To, kin kashe shi."

Ban bar ta ta shiga motar ba.

Sai na koma baya na bi abin daki-daki, domin a gane yadda cokali biyu ya kai ni ga faɗin haka, kuma a gane ko man ne ya kayar da shi ko kuwa wani abu.

Dangin Malam asalinsu makiyaya ne. Sun daɗe da zama a ƙasar Kabo, noma suke yi, Hausa suke ji, amma ba su rabu da shanu ba. A gidansu man shanu ya wuce abinci. Shi ake ba mai jego, shi ake shafa wa jariri, shi ake zuba wa baƙon da ake ganin girmansa. Malam da shi ya tashi. Idan aka kawo masa tuwo, sai ya yi rami a tsakiya da yatsa, ya jira man ya narke ya gangara, sannan ya yi bismillah.

A shekarun ostariti, lokacin da ake bin layi a sayi sabulu da madara, Malam ya fara ciwon ƙeya da jiri. Wata rana ya faɗi a gonarsa ta hanyar Getso. Aka kwantar da shi kwana uku a asibiti, ni na yi jinya. Ranar sallama likita ya ce hawan jini ne. Ya lissafa mini abu uku da yatsunsa. A rage masa mai, musamman kitse da man shanu. A rage gishiri. Ya riƙa shan wannan ƙwaya kullum.

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma ba na manta abin da aka gaya mini, kuma ba na sauya masa wuri. A gidan da na tashi, babba ake fara ambata, shi ake fara gaisarwa, shi ake fara miƙa wa ruwa. Ban taɓa jin an fara da ƙarami ba. Saboda haka da likita ya fara da mai, na ɗauka mai ne babba, gishiri na bin sa, ƙwaya ce auta. Ban tambaya ba. Ban ga abin tambaya ba.

Likita ya ce a rage, ni kuwa na ga idan ragewa tana da amfani to dainawa ta fi. Na ware wa Malam tukunyarsa. Ba man shanu, ba manja, ba man gyaɗa. Na hana shi ƙosai, na hana shi tsire, har ƙuliƙuli na hana shi.

Ya ɗanɗana miyar farko ya ajiye hannu. Ya ce, "Gwamnati ta yi ostaritinta a kasuwa, ke kin yi naki a tukunya. Ita gwamnati ma tana barin ɗan abin lasa."

Na ce, "Gwamnati ba ta yi jinyarka ba."

Ya yi dariya ya ci loma uku ya tashi.

Wata guda yana haka, har wuyansa ya fito. Miyar kuka ba mai ba ta haɗiyuwa, na sani, domin na ɗanɗana. Sai na fara ƙara gishiri kaɗan, na ƙara daddawa, na jefa dunƙulen magi biyu maimakon ɗaya. Ya koma cin abinci. Na yi murna, na ce na sami dabara. Gishiri ai na biyu ne, idan aka tsare babba to ƙarami ba zai yi ɓarna ba.

Ƙwayar kuwa ya shanye ta farko, aka karɓo ta biyu, ya shanye. Zuwa ta uku aka ce babu, a nema a kemis. Damina ce, ana tsakiyar noman farko, ciwon kan kuma ya tafi. Malam ya ce, "Ciwo ya tafi, wa zan kora?" Haka muka san magani. Zazzaɓi ya kama ka, ka sha, ya ƙare, ka warke. A kan mai sai in yini ina gardama da shi har ya haƙura. A kan ƙwaya ban ce masa uffan ba.

Haka muka yi shekara goma sha biyar.

Babbar Sallah ce ta fi yi masa wuya. Shi zai yanka ragon, shi zai feɗe, gida ya cika da ƙamshin suya, ni kuma in zaɓo masa tsoka zalla in dafa da ruwa da gishiri. Yakan zauna a bakin zaure da kwanonsa ya ce, "Rago nawa, ƙamshi nawa, kitse na maƙwabta." Yara su yi dariya. Ni ma nakan yi, amma ban taɓa sassautawa ba.

Auta takan zo sau uku ko huɗu a shekara, kuma ba ta zuwa hannu wofi. Ita ke kaɗa nonon shanun gidansu, sai ta cika ƙaramin kwano da mai ta ɗaure a tsumma. Ni kuma tun daga soro nake karɓewa. Akwai wasa tsakanina da ita, irin na mace da ƙanwar miji.

Takan ce, "Matar Yaya, kin mai da ɗan Fulani busasshen kifi."

In ce, "Busasshe ne ke kaiwa wata kasuwar. Ɗanyen tun azahar ya fara wari."

"To ko shinshinawa a bar shi ya yi."

"Ya shinshina daga can."

Malam ya ce, "Auta, bar ta. Ita da likita uwarsu ɗaya."

Man sai in zuba wa yara, in aika wa maƙwabta saura. Yana gani.

Da maganar Shari'a ta cika rediyo, abokansa suna zaure suna ta tattaunawa, na jiyo shi yana ce musu, "Ku ne baƙinta. Ni shekara goma sha biyar alƙalina yana cikin gida, kuma ba a ɗaukaka ƙara." Na ji daɗin maganar. Na ɗauke ta yabo.

A shekara biyun ƙarshe ciwon ƙeyar ya dawo. Yakan ce rana ce, ya sha maganin ciwon kai ya kwanta. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne yana satar cin ƙosai a kasuwa. Idan ya dawo sai in karɓi hannunsa kamar zan karɓi kaya, in shinshina. Dattijo mai furfura, mai jikoki. Ban taɓa jin ƙamshin komai ba. Ban kuma taɓa cewa mu koma a auna jinin ba.

Yanzu na dawo ranar Laraba. Daga asibitin garinmu aka tura mu Kano. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. A rana ta uku wani likita, bai fi sa'an ɗana na fari ba, ya zauna da katin Malam ya tambaye ni wane magani yake sha na hawan jini.

Na gyara zama na ce, "Shekara goma sha biyar bai ci mai ba."

Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Mama. Amma ƙwaya nake tambaya."

Na ce, "Ai ta ƙare tun tuni."

"Tun yaushe?"

"Tun ostariti."

Ya ajiye biro. Sai na yi sauri na ba shi labarin cokali biyun, domin ya san inda ɓarnar ta fito.

Ya ce, "Mama, kitse da man shanu, idan mutum ya daɗe yana ci da yawa, suna iya taimakawa hanyar jini ta ƙuntata. Shi ya sa muke cewa a rage, kuma ba ki yi laifi da kika rage ba. Amma cokali biyu na jiya ba ya kayar da mutum yau. Man gyaɗa ma ba sai an hana shi gaba ɗaya ba. Abin da muke zato, jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwarsa. Babban abin da ke share wa wannan hanya shi ne hawan jinin da aka bari ba magani. Ita ƙwayar ba ta ƙarewa. Ana shan ta ne ko ana jin ciwo ko ba a ji."

Na ce, "Da ya ci gaba da sha, da hakan ba ta faru ba?"

Ya ce, "Wannan Allah kaɗai ya sani. Ba zan rantse miki ba. Amma da haɗarin ya ragu ƙwarai." Ya ɗauki bironsa, sannan ya ce, "Gishiri fa, kuna ragewa?"

Ya dube ni, bai sake tambaya ba.

Malam ya yi kwana goma sha ɗaya. Magana ba ta dawo ba. Idonsa yana bin mutum, hannun hagu yana motsi, shi ke nan. A rana ta biyar na tambayi nas ko zan iya tuƙa masa tuwo mai laushi in zuba masa man shanu. Ta ce ba ya iya haɗiye komai sai abu mai ruwa-ruwa, shi ma da ƙyar, kada in gwada. Na zauna kusa da kansa na gaya masa abin da likita ya ce, ɗaya bayan ɗaya, ban ɓoye gishirin ba. Na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana kallona. Ban san ko ya gane ba. Mutumin da bai taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba tare da ya mayar mini da wasa ba, ranar ko ɗaya ban samu ba. Ya rasu ranar Asabar da hantsi.

Auta ta zo zaman makoki. Ta zauna can ƙarshen tabarma, ba ta ɗaga ido ba, ba ta ci abincin gidan ba. Na riga na san gaskiya tun rana ta uku a asibiti, kuma ita kaɗai ce na gaya wa waccan maganar ta cewa ta kashe shi, ni kaɗai zan iya janye ta. Ban janye ba. Idan na sauke mata kayan, kaina za su dawo, kuma ban shirya ba. Na ce sai na fita takaba. Da na fita na ce sai bayan damina. Bayan damina na ce sai na sami ɗan rakiya.

Shekara biyu cur sannan na hau mota zuwa Kabo. Na same ta tana sheƙar dawa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi yara ɗaya-ɗaya. Sannan na ce ta zauna. Na fara daga likitan farko, na bi har zuwa na biyu, ban tsallake komai ba.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Yaushe likitan ya gaya miki haka?"

Na ce, "Tun Malam yana da rai."

Ta ajiye faifan da ke hannunta. Sannan ta ce, "Tun ranar ban sake kaɗa nono ba. Kullum na yi salla sai na roƙi Allah ya yafe mini jinin Yaya." Ta share fuska da bakin zane. "Na yafe miki. Shi ya roƙe ni, kin sani. Ya ce ko sau ɗaya, kafin ya manta ɗanɗanonsa."

Ta yafe, na yarda ta yafe. Muna zumunci har yau, biki da suna da ta'aziyya. Amma wasan ya mutu. Gaisuwa take yi mini irin wadda ake yi wa surukar da ake jin nauyi, ta durƙusa, ta tashi, ta koma cikin mata.

Ban iya cewa mai ba shi da laifi, likita bai ce haka ba. Ban kuma iya cewa tsarewar da na yi ba ta ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Kwanan mutum a hannun Allah yake. Abin da na sani shi ne na tsare ƙofa ɗaya da dukkan ƙarfina, biyu suna buɗe, kuma ɗayar ni na buɗe ta da hannuna.

Mai karatu, ga roƙona. Idan a gidanku akwai wanda aka taɓa ce masa yana da hawan jini, kada ka tambaye shi ko yana jin sauƙi, domin zai ce maka yana ji. Ka ce ya nuna maka ƙwayar da ya sha yau. Idan babu, ka raka shi asibiti a makon nan, ka shiga tare da shi, kuma kada ku fito sai ka tambayi likita wanne ne ba a bari ko da an ji sauƙi. Bayan haka, idan ka idar da salla, ka sa Malam a addu'a.