Baba da Gidan Bakin Kogi

Shekara ashirin da 'yan kai mahaifina ya yi yana jan babbar mota, yana kwasar dilolin atamfa daga masaƙun Kakuri zuwa duk inda aka ce a kai. Bai taɓa riƙe taswira ba. Ka ambaci gari kawai, zai gaya maka gada nawa ce tsakaninku, da inda kwalta ta ƙare, da mai shayin da ba ya rowar madara. Sai ga shi wajen ƙarshen shekarun tamanin ya faɗo daga saman kaya, ƙugu ya goce. Aka yi ɗori, aka yi asibiti, ƙafar ta warke amma ta gajarce, tuƙi kuma ya ƙare.

Ciwon bai dame mu ba kamar zaman da ya biyo baya. Likita ya ce ya riƙa takawa da sanda. Baba ya ce shi ba zai zaga unguwarmu Makera yana ɗingishi kowa na yi masa sannu ba. Wata biyar bai leƙa ƙofar gida ba, ko masallacin unguwa, kuma magana ta ƙafe masa, daga "to" sai "a'a". Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma addu'a. Ni kuwa, da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, haushi nake ji, don taurin kansa kaf na gada, na kuma san irinmu ba a tanƙwara mu da baki.

Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da wani mutumin Binuwai, makanikin injin saƙa, da matarsa da muke kira Madam. An tura shi kwas ƙasar waje, ya dawo da wata 'yar na'ura da ake jonawa da talabijin, a sa mata kaset a yi wasa. Talabijin ɗinsu ta ƙone a lokacin, sai aka jona na'urar a falonmu. Mai ita yana can masaƙa wuni guda, don haka ta zama kamar tawa.

Wasan na wani ɗan taliki ne mai takobi, sarki ya aike shi ya ƙwato wani dutse mai haske da dodo ya sace. Iyakar bayanin ke nan. Na ga irin na yaran yanzu, kibiya ce ke yawo a gabansu tana nuna musu inda za su sa ƙafa. Namu babu wannan gatan. An sake ka a fili ne, daji a gabas, tsauni a arewa, sai ka san na yi. Idan kana son kwatance, ka shiga ƙauye ka tsaya gaban mutum ka danna, ya faɗa maka magana ɗaya da Turanci. Wani ya ba ka hanya, wani ya ba ka labarin kazarsa.

Ni ba ni da haƙurin sauraron masu kaji. Da na fita daga gari sai in miƙe, abin da ya sa na yi kwana uku ina kewaya tsauni ɗaya, ƙananan dodanni suna cin ƙaniyata. Baba yana kan kujerarsa, rediyo a kunne, wai ba ya kallo. Rana ta huɗu bayan azahar na ji ya yi gyaran murya.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "bishiyar nan sau huɗu ke nan kina wuce ta."

"Baba, bishiyoyin ai duk iri ɗaya ne."

"A idonki. Wannan tana da tafki a hagunta. Koma garin ki yi tambaya. Kuma mutum biyu za ki tambaya, don na farko yakan faɗi abin da zai sa ki ba shi wuri ne kawai."

Na daɗe ban ji ya jera magana haka ba. Na koma garin ba musu, ni da ban saba komawa baya don wani ya ce ba.

Daga ranar muka raba aiki. Ni ke riƙe da madannai, ina fassara masa abin da mutanen ƙauye suka ce, shi kuma yana yanke inda za a nufa. Na fara zana hanya a bayan tsohon littafin lissafina, ya leƙa ya ce wannan ai zanen kaza ne a rairayi. Shi a ka yake riƙewa. Wani gari mai doguwar gada ya sa masa Jebba, wani da ruwa biyu suka haɗu a bayansa ya sa masa Lokoja. Idan aka ɗauke wuta muna tsakiyar tafiya, sai ya rufe ido ya ci gaba: a bar dutse a dama, a wuce kurmi biyu, kada a tsaya a fadamar nan, akwai 'yan fashi. Ni ce direba, amma ko sau ɗaya bai yabi tuƙina ba.

Inna takan wuce da tsintsiya ta ce, "Malam, tsofai-tsofai da kai, kai da 'yarka kuna bin ɗan tsana a daji." Ya ce mata ɗan tsanan ya fi wasu direbobin jin magana. Ban taɓa jin daɗin zaman gida kamar na watannin nan ba.

Sai muka iso bakin wani kogi mai faɗi, ba gada. Ga mai kwalekwale a tsaye, amma ya ce filafilinsa ya ɓata. Muka bi mutanen titi ɗaya bayan ɗaya, har biyu daga ciki suka ce tsohuwar da ke gidan bakin kogi ta san inda yake. Gidan ga shi nan, ƙofa a buɗe. Na doshi ƙofar.

"Tsaya! Ina za ki?"

"Ciki mana, Baba."

"Wa ya ce ki shigo? Gidan ubanki ne?"

Sai a lokacin na lura ashe duk tafiyarmu shago da masauki kaɗai muke shiga, su kuwa na kowa ne. Baba ya ce a shekarunsa na tuƙi ya kwana ƙarƙashin mota a ruwan sama ya fi a ƙirga, bai taɓa kutsa kai gidan da ba a yi masa izini ba, ba kuma zai fara da gidan tsohuwa ba. A jira ta fito. Wallahi muka jira. Na tsayar da mai takobin nan a ƙofar gida har aka kira la'asar, tsohuwa ko tari ba ta yi ba.

Mako biyu muka yi muna bin gaɓar kogi muna neman mashigi. Sama, ƙasa, babu. Madam ta shigo aron turmi ta tarar muna gardama, na kai mata ƙara. Ta riƙe baki ta ce, "Haba Baba, wasa ne fa, ba mutum a ciki. Oga yana shiga kowane gida, har akwati yake buɗewa ya kwashe abin ciki."

Baba ya ce, "To, Allah ya shirye shi."

Na sha raya wa kaina in faki idonsa, idan ya shiga wanka, in faɗa gidan in fito. Minti ɗaya ya isa. Amma mutumin da ke gane bishiya da tafkinta ba zai kasa gane an ci amanarsa ba, kuma na san abin da zai biyo baya: ya juya kujera, ya koma "to" da "a'a". Ga shi ma ya fara komawa. Yawon banza a bakin ruwa ya gundure shi, rediyo ya dawo kunne, wata rana har ya ce in yi ni kaɗai. Tsoro ya kama ni ƙwarai, tsoron kuma ya fito mini a fushi kamar yadda ya saba.

Wata Laraba na sake kai mai takobin ƙofar tsohuwa, na tsayar da shi, na ɗaga murya don in ba Baba haushi: "Salamu alaikum! Masu gida! Ko duk an mutu ne?"

Inna tana kicin tana suyar albasa, tagar kicin kuwa tana kallon falo, ta san sarai ba baƙo aka yi ba. Na ji ta ajiye cokali. Sai ga murya tana rawa kamar ta 'yar shekara casa'in: "Wa alaikumus salam. Su wane ne da rashin kunya haka? Ku shigo mana, ƙofa a buɗe take."

Baba ya sauke rediyo. Ya daɗe yana kallon tagar, Inna kuma ta ƙi ɗagowa, tana ta juya albasa kamar ba ita ba. Can ya fashe da dariya har da tari, ya share ido da hannun riga ya ce, "An amsa. Shiga. Amma kada ki kuskura ki taɓa akwatin nan."

Tsohuwa ta ce filafili yana ƙarƙashin bishiyar bayan gidanta, inda muka wuce ya fi sau goma. Muka haye kogi a ranar. Tun daga nan kowace ƙofa sai na yi sallama, Inna ta amsa daga duk inda take, wani lokaci da muryar tsoho, wani lokaci ta ce maigidan ba ya nan a dawo gobe, don dai ta ja mana rai. Idan ta tafi kasuwa, tafiya ta tsaya sai ta dawo. Akwatunan mutane kuwa har muka rabu da wasan ba mu san abin da ke cikinsu ba, shi ya sa mai takobinmu ya fi na kowa talauci.

Muna bakin wani kogo a gindin tsauni maƙwabtanmu suka gama ginin gidansu a Kamazou suka tashi. Mijin Madam ya ce a bar mana na'urar, Baba ya ce a'a, kayan mutum a gidan mutum ya kamata ya kwana. Shi kuma ya ce to duk Asabar ƙofarsu a buɗe take, sun sayi sabuwar talabijin. Na ɗauka maganar fatar baki ce irin ta sallama. Falo ya yi mana faɗi. Kwana shida ina satar kallon Baba, ina jiran ranar da shirun zai dawo ya zauna.

Ranar Asabar da hantsi na fito daga ɗaki na same shi tsaye a tsakar gida, ya sa babbar riga da hula, ya dogara da sanda. Ya ce in ɗauko mayafina, ba a barin mota a bakin kogo. Inna tana shanya, zane ɗaya ta yi ta matsewa bayan ruwansa ya ƙare.

Muka fito. Tafiyar a hankali take, ƙafa ɗaya tana jan ɗaya, ni ina gefe na rasa inda zan sa hannuna. Ba mu kai kwanar layi ba mai gyaran keke ya hango mu, ya miƙe tsaye da sifana a hannu, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"A'a! Malam direba! Sannu, sannu! Ya ƙafar?"

Baba ya tsaya cak. Na ga wuyansa ya ƙage, na ce a raina shi ke nan, gida za mu koma. Ya dubi ƙafar, ya dubi mutumin.

"Ƙafa ga ta, ita ta kawo ni," ya ce. "Matsa mini, sauri nake, ana jirana a Kamazou."